Sista Rabi'atu da Tsayuwar Inna Safara'u

Kafin a buɗe ɗakin magani, Sista Rabi'atu ta riga ta shimfiɗa tabarma a barandar wani ƙaramin asibiti da ke wajen Jahun, domin ta san tsofaffinta ba sa iya zaman benci. Matan da al'ada ta ɗauke wa ne, ƙashinsu ya yi rauni, baya ya ranƙwafa. Likita ke rubuta musu ƙwayar da ke mayar wa jiki sinadarin mata da ya ragu, amma ita ke zama ta yi musu bayani dalla-dalla. Watan nan za ta yi ritaya, ni kuwa wallahi ba zan yi shiru ba.

Inna Safara'u yayar mahaifiyata ce, mai tallar nono a Miga. Ɗan zamewa kawai ta yi, hannu ya karye. Bayanta ma ya ƙi miƙewa, har salla ta koma yi a zaune, abin yana ci mata rai. Aka ɗora ta a kan ƙwayar, sai kuwa ɗigon jini ya dawo mata. Inna ta watsar da magani, ta daina zuwa asibiti.

Da ranar ganin likita ta wuce ba ta zo ba, Sista ta hau motar haya har Miga, ta iske ta tana damun fura.

"Inna, lafiya kika guje mu?"

"Haba 'yar nan! Da jikokina? Maganin da zai hana ni salla, ai gara ƙashin ya ƙarasa."

Sista ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta lallashe ta suka koma, likita ya duba ta sosai, ya sauya mata magani. Sannan ta raka ta wurin malamar Islamiyya, wadda ta ce irin wannan jini ba ya hana ta salla.

Sista, ke ce uwar tsofaffi. Ke ce kika gane kunya da tsoron Allah ne suka hana Inna shan magani, ba taurin kai ba. Ina alfahari da ke. Allah Ya saka miki da alheri. Ku ma'aikatan da za ku gaje ta, don Allah ku riƙa bin sawun wadda ta daina zuwa.

Shekaranjiya na raka Inna asibitin ta yi wa Sista sallama. Aka kira azahar, Sista ta miƙo mata kujera kamar yadda ta saba. Inna ta ture kujerar, ta hau tabarmar nan, ta yi kabbara a tsaye.