Ranar da Na Goge Rautar Malam

Shekara shida na yi a ƙarƙashin Malam a wata cibiyar kwamfuta a Gumel, kuma bai taɓa bari na ga yatsunsa ba in yana shigar da kalmar sirri. Da ya jawo laftof zai shiga rauta, injin da ke haɗa mu da intanet, sai ya ce, "Injiniya, ɗan dubo mana janareta." Janareta lafiyarsa ƙalau, na sani, shi ma ya sani. Sai in fita ina ƙunƙuni, in tsaya a baranda kamar wanda aka kora daga aji, in dawo. Wallahi abin yana ci mini rai. Ina da mata da 'ya'ya biyu, amma a riƙa aikena don kada in ga abu.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, shi ya koya mini aikin. Na zo da takardar difloma ina hura hanci, alhali ko kan kebul ban iya matsewa ba. Shi ya zaunar da ni ya ce suwic mai unguwa ne, ya san kowace kwamfuta da ƙofar da take, in saƙo na cikin gida ne shi zai miƙa. Rauta kuwa ɗan kamasho ne a tasha, duk abin da zai fita gari sai ta hannunsa, shi ya san hanyar da kowa zai bi. Ya koya mini rabon adireshi, da yadda ake ware ɗakin ɗalibai daga na ofis don kada yara su leƙa abin da ba nasu ba. Har ya sakar mini suwic ɗin gidan duka. Babbar rautar kaɗai ya riƙe, wadda ta haɗa mu da intanet da rassanmu na Maigatari da Gagarawa.

Na taɓa yi masa tsiya a kan haka. Ya ce, "Ubana maɗori ne. Yayana ya shekara ashirin yana riƙe masa ƙafar mutane kafin ya ji abin da ake tofawa. Mai sana'a in ya zazzage buhunsa duka, sai a ce masa sannu da hutawa."

Na ce, "Haba Malam, rauta ai ba ƙashi ba ce!"

Ya yi dariya, ya ce in je in dubo janareta.

Wata Litinin ya faɗi a wajen alwalar azahar. Hawan jini ne. Ɓarin damansa ya shanye, baki ya karkace, magana ba ta fita sai da ƙyar. Aka yi kwanaki a asibiti aka dawo da shi gida.

Sati uku komai yana tafiya, don abin da Malam ya saita ba ya tangarɗa. Sai kamfanin da muke sayen intanet a wajensa ya aiko cewa za su canza mana adireshi, ƙarshen wata tsohon zai daina aiki. Sabon kuwa a cikin rauta ake saka shi. Ga lokacin rajistar jarrabawa ya matso, lokacin da ɗalibai suke cika mana harabar tun daga ƙauyukan Sule Tankarkar.

Alhaji mai cibiyar ya kira ni ofis. Ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Je ka karɓo kalmar nan." Na miƙe zan fita ya ce in zauna. "Bari in gaya maka gaskiya. Ban taɓa kujerar Malam ba ne don komai namu yana cikin kansa. In ka buɗe injin nan, kujerar ta zama taka, ba zan riƙe mutum biyu ba. In kuma ka kasa, in kawo wani daga Kano ya maye gurbinku duka."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Alhaji, mutumin nan ko wata bai cika a kwance ba!"

Ya ce, "Ba ni na kwantar da shi ba."

Na sayi lemo da kankana na tafi dubiya. Hajiya, matarsa, ta yi mini iso. Na same shi a kan katifa, an jingina shi da filo, hannun daman yana ajiye a cinyarsa kamar ba nasa ba. Na gaishe shi, na yi ya jiki, na sake yin ya jiki. Na ba shi labarin ruwan da aka yi a Gagarawa. Har na yi sallama na kai bakin ƙofa, sannan na juyo na ce, "Malam, dama maganar rauta ce. Za su canza adireshi."

Malam ya fi ni sanin Alhaji, ya san abin da zai biyo baya in kalmar ta bar bakinsa. Ya tattaro ƙarfinsa ya ce, "Zan... dawo."

Hajiya tana tsaye da farantin da ta yanko kankanar. Ta ce, "Au, dama abin da ya kawo ka ke nan?" Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na fito ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, ban ma san wanne ya fi ba.

Akwai hanyar da ake bi ta baya in an manta kalmar sirri. Ka haɗa wani shuɗin kebul daga laftof zuwa rauta, ka kashe ta ka kunna, ka katse ta tana tashi, sai ka shiga ka sa sabuwar kalma ba tare da ka taɓa saitin ba. Na gwada. Tirƙashi! Ashe Malam ya toshe wannan ƙofar ma tun tuni. Abin da injin ya rubuto mini shi ne, in na yarda zai buɗe, amma sai ya share duk abin da ke cikinsa. Na ce a'a, na zare kebul na zauna. Kai, Malam! Ko takarda ɗaya bai bari ba, ko zane.

Kwana huɗu na yi ina bin sawunsa. Na bi kwamfutocin gidan ɗaya bayan ɗaya ina kwafe adireshinsu, na bi kowane kebul daga bango har suwic ina manna masa takarda. Ranar Alhamis na shiga motar Maigatari, ranar kasuwa, aka matse ni da wani mai raguna har ƙafata ta yi tsami, na je na duba yadda ƙaramar rautar reshen take magana da ta Gumel. Na biya Gagarawa na yi haka. Duk inda na leƙa sai in ga tsaftar aikinsa. Ina ta gaya wa kaina cewa don ɗalibai nake yi, kuma in ban yi ba ɗan Kano zai yi. Gaskiya ne. Amma ba zan yi wa Allah ƙarya ba, ina son kujerar nan.

Asabar da hantsi na sake haɗa kebul. Tambayar ta sake fitowa. Na yi bisimilla na danna. Ko minti biyar ba a yi ba, aikin da mutum ya shekara goma yana ginawa ya tafi, rauta ta tashi fayau kamar yau aka fito da ita daga kwali.

Na sa mata suna da sabuwar kalma, na ba kowace ƙofa adireshinta, na nuna mata hanyar fita, na buɗe hanyar rassa. Gagarawa ta ƙi amsawa har sai da na gano lamba ɗaya na juya. Kafin la'asar Maigatari ta amsa, Gagarawa ta amsa, intanet ya dawo. Na adana saitin, na buga tebur na yi ihu ni kaɗai a ɗaki. Sai kuma na ga hular Malam a rataye bayan ƙofa, murnar ta koma ciki.

Alhaji bai ɓata lokaci ba. Litinin ya ce in koma teburin Malam, ya aika gidan da saƙon godiya da sallama. Hajiya ta karɓa ta ɓoye masa, don likita ya ce kada a tayar masa da hankali. Ni kuwa na ɗauke ƙafa. Wata biyu ina zagaye layinsu da babur, ina bin doguwar hanya ta bayan tasha kamar ɓarawo.

Rannan sai ga wayar Hajiya. Ta ce, "Malam yana nemanka." Ta ƙara da cewa, "Bai san komai ba. Don Allah kada ka zama sanadi."

Na same shi a zaune a kujera, ya rame sosai. Ya yi wa Hajiya alama ta fita. Ya sa hannun hagu ƙarƙashin filo ya jawo littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Shafi bayan shafi duk abu ɗaya ne, haruffa a karkace, wasu sun hau kan wasu, wasu biro ya huda takardar. Ashe duk kwanakin nan hannun hagu yake koya wa rubutu. Ya buɗe shafin ƙarshe, inda kalmar sirrin ta fito sosai, ya yage da haƙori ya miƙo mini.

Ya ce, "Ba zan... iya ba. Riƙe." Ya huta, ya goge bakinsa. "Kada a kawo baƙo... ya goge."

Na karɓa da hannu biyu. Kalmar da ba ta buɗe komai yanzu.

Ya kamo hannun rigata ya ce, "Ka fara... adana aikin... kafin ka taɓa."

Na ce, "To, Malam."