Ranar da Munka Yi Hira da Kujerar Madam

Shekarun baya can, tun gwiwoyina ba su fara ƙara kamar tsohon ƙyaure ba, wani abu ya same ni wanda har yau in na tuna sai in kama murmushi ni kaɗai. Ku yi haƙuri da rubutuna. Karatuna na lakkwal bai yi nisa ba. Mushe, malaminmu, ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, munka rabu lafiya ba wanda ya riƙe wani a zuciya. Na koma garkar albasa can gefen Tama, kuma nan nike har gobe.

Ɗana na fari shi ne ya tafi jami'a, can Tahoua. To ku yaran yanzu sai na yi muku bayani. A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗan fari. Ba ya zaman hira da shi, ba ya yabon shi, ba ya ɗaukar shi gaban mutane. Kunya ce, haka munka tarar. Ni "wancan" nike ce mishi, ko "yaron ga". Uwarshi ma ta fi ni, don in ya shigo ɗaki sai ta tuna ta bar tukunya bisa wuta. Tun da anka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi. Ɗakinta ya girma, ita ke ce mishi "maigidana", ita ke ɓoye mishi fura ƙarƙashin gado. Kuma ita ce telefon ɗinmu tun telefon bai zo ƙauye ba. In ina son shi tafi ban ruwa, sai in tsaya bakin ƙofarta in ce, "Inna, yau kam albasa na jin ƙishirwa." Kafin in kai masallaci na hango ƙeyarshi ya nufi garka. In shi ke son takalmi, sai Inna ta tare ni: "Kai, makaho ne kai? Ba ka ga ƙafar maigidana ba?"

Ranar da ya ci bak, jarrabawar shiga jami'a, gida ya cika da guɗa. Ni kuwa na saɓa hauyata na tafi garka, ban dawo ba sai da mutane sunka watse. Ranar da zai tafi jami'a ma haka. Inna ce ta raka shi har bakin mota, tana dogara sanda tana yi ma sofer kashedi kan tuƙi.

Yana cikin shekararshi ta biyu Allah ya yi ma Inna rasuwa. Ya zo gaisuwa, ya zauna can ƙarshen tabarmi cikin samari. Jama'a na ta zuwa wurina, "Ya haƙuri, ya haƙuri," don ni ne na rasa uwa. Da anka share makoki ya koma karatu. Ni a ganina shi ke nan.

Lokacin cirar albasa, rana na dukan mu cikin garka, telefon ɗina ya yi ƙara. Muryar mace ce, Hausarta irin tamu.

"Baba, daga jami'a nike kira, daga biro, wato ofishin da ke kula da ɗalibai. Ɗanka na nan, kar hankalinka shi tashi. Amma muna son ka zo."

Na ce, "Mi ya yi?"

"Ba laifi ya yi ba. Ka dai zo, kuma kar ka bari sati ya ƙare."

Washegari na shiga mota ta hanyar Keita. Duk girgizar latarit, hanyar nan ta jar ƙasa, ban ji ta ba, ina ta lissafi cikin kaina. Na ce ko ɗiyar mutane ya lalata. Na ce ko cikin masu zanga-zanga anka kama shi da dutse a hannu. Na shirya faɗa mai kyau, na gyara shi, na ƙara mishi barkono. Sai da munka wuce Keita na tambayi kaina: to wa zan ba faɗan shi kai mishi?

A ƙofar jami'a na iske mai gadi, wani dattijo mutumin wajen Bouza. Da na ce mishi biron kula da ɗalibai nike nema, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wurin Madam? Saki fuskarka, tsoho, ba kotu ba ce. Ni ma can anka kai ni da hawan jini ya so kada ni, ita ta sa anka sake mini lokacin aiki, ta raba ni da gishiri. Har manyan malaman nan na zuwa. Ka ga mutum ya shiga da kravat ɗinshi a wuya fuska ɗaure, ya fito yana share hanci."

Na ce, "Ni ba mai share hanci ba ne."

Ya ce, "Haka kowa ke cewa. Bi nan, ƙofa mai shuɗin fenti."

Madam ɗin ba ta kai ƙanwata ta ƙarshe ba a shekaru. Ta ba ni ruwan sanyi, ta tambayi gida, ta tambayi albasa, har ta san bana ruɓa ta dame mu. Sannan ta gyara zama ta faɗa mini. Tun da yaron ya dawo daga gaisuwar kakarshi ya daina shiga aji. Ba ya zuwa resto cin abinci, wuni yake kwance fuska ga bango. Abokin ɗakinshi ne ya gaji ya jawo shi biron nan da hannu. Likitansu ya duba shi, ita ma suna zama suna magana, har ya fara cin abinci. Amma jarrabawa ta riga ta wuce shi, ya faɗi.

Na ce, "To ai faɗuwa ba mutuwa ba ce."

Ta ce, "Haka ne. Akwai hanyar da zai maimaita shekarar, kuma na yi magana ba za a karɓe gadonshi na site, gidan kwanan ɗalibai, ba. Amma shi ya ce ba ya iya zama, kuma ba ya iya komawa gida ya haɗa ido da kai. Ya shirya da wani mai mota, ƙarshen satin ga zai tafi arewa haƙar zinariya."

Kun san mu nan mun san ramukan nan. Ɗan maƙwabcina ya tafi, har yau uwarshi in ta ji tsayuwar mota sai ta leƙo.

Madam ta ce, "Na tambaye shi, mi babanka zai ce? Ya ce, 'Ban sani ba. Ban taɓa sanin abin da Baba ke cewa ba sai ta bakin kakata.' Da ƙyar ya yarda in kira ka."

Ta aika anka kira shi. Wallahi da a kasuwa na gamu da shi sai na wuce. Wuya ya yi tsawo, riga na yawo a jikinshi. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina duban taga. Ya zauna bisa benci gefen ƙofa, kai ƙasa.

Na gyara murya na ce, "Madam, ki gaya ma wancan..."

Ta ɗaga hannu. "A'a, Baba. Ga shi nan, kunnenshi lafiya lau."

"Madam, ɗan fari ne."

"Na sani. Ni ma ƴar fari ce. Babana dattijon coci ne can wajen asibitin mishan, Littafi ba ya barin hannunshi, amma har ya koma ga Ubangiji ban ji sunana a bakinshi ba. Kunya ba baƙuwata ba ce. Sai dai in na kai mishi saƙonka yau, gobe wa zai kai?" Ta miƙe ta ɗauki makullanta. "Akwai wata ma'aikaciyar kicin da ke jira na. Ku yi ta zama, ba mai korar ku."

Ta fita ta ja ƙofa. Kai, matar nan ta iya mugunta.

Munka zauna. Fanka na juyawa bisa kanmu. Na karanta duk abin da ke manne ga bango, wanda na iya da wanda ban iya ba. Na dubi takalmina kamar yau na fara ganin su. Na buɗe baki in yi magana, harshe ya ƙi. Ba wasa nike ba, jama'a, ji na yi kamar an ce in tuɓe riga tsakiyar kasuwa. Shi kuma ko motsi. Na ce a raina, in munka tashi haka, ƙarshen sati yaron ga na bayan mota.

Sai idona ya faɗa kan kujerar Madam. Babbar kujera ce mai juyawa, ta bar gyalenta rataye a kai. Ban san inda dabarar ta fito ba. Na juya bencina na fuskance ta sosai, na cire hula na aza bisa gwiwa.

"Madam," na ce ma kujera, "tun da ba ki nan, bari in gaya miki wata magana."

Na ji yaron ya gyara zama bisa bencinshi.

"Madam, ranar da wancan ya ci bak, garka na gudu don bakina ya ƙi rufuwa, na ji tsoron mutane su ga haƙorana. Albasa na yi ma guɗa. Kuma ki tambaya kasuwar Tama, akwai masu sake hanya in sun hango ni, don sun gaji da labarin jami'a. Wani har ya ce mini, 'Kai ne ka ci bak ɗin ko shi?'"

Wani sauti ya fito daga wajen ƙofa, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Ban waiwaya ba.

"Madam, ki ce mishi ni na faɗi aji tun ana rubutu bisa allon ardwaz, kuma ga ni ina cin tuwo. In karatu yake so shi zauna. In ya gaji shi taho gida, garka ba ta tambayar takarda. Amma rami, Madam, a'a. Ban yarda ba. Ba ni da ƙarfin leƙen mota."

Can sai na ji muryarshi, ƙasa-ƙasa, shi ma kujerar yake kallo.

"Madam, ki tambayi Baba, in na sake faɗuwa fa?"

"Madam, ki ce mishi sai shi sake tashi. Ko an ce da shi an gaji?"

"Madam... ki ce ma Baba, ranar gaisuwa kowa shi yake ba haƙuri. Ni ba wanda ya ce mini komai."

Wannan ta shige ni. Na ce, "Madam, gaskiyarshi. Ni uwa na rasa. Shi ya rasa uwa, ya rasa kaka, ya rasa abokiyar hira, duk rana ɗaya. Ki ce mishi, ya haƙuri."

To daga nan kam ba sai na ba ku labari ba. Ni mai albasa ne, kullum ina da hujjar hawaye, amma ranar nan ko ɓawonta babu cikin biron. Munka yi ta ba kujerar nan labarin Inna, ni in faɗi nawa shi ya faɗi nashi. A nan na ji ashe furar da ke ɓacewa daga ƙwaryata shekara da shekaru, ba kyanwa ba ce.

Da Madam ta dawo ta tsaya bakin ƙofa, ta dube ni, ta dube shi, ta dubi bencin da na juya. Ta ce, "Ikon Allah. Mi kujerata ta yanke?"

Na dubi yaron, don amsar ba tawa ba ce. Yaron ya share fuska da hannun riga ya ce, "Zan zauna, Madam."

Da zan fita mai gadi ya leƙa fuskata ya ce, "Tsoho, mura ce ta kama ka?" Na ce mishi gishiri dai anka hana ka, ba a ce ka sa ido ba.

Ya zauna ɗin. Ya maimaita shekarar, yana zuwa wurin Madam suna magana har ya daina buƙata, kuma ya gama karatunshi lafiya. Kafin in baro Tahoua Madam ta sa na yi alkawarin kiran shi a telefon. Na cika. Sai dai ban san abin cewa ba, sai in ce, "An yi ruwa nan wajenku?" Tsakiyar rani fa. Shi kuma shi ce, "Ba a yi ba, Baba, sai dai zafi." In ce, "To, a ci abinci." Haka munka yi ta yi, kuma ya ishe mu.

Da can na ɗauka jami'a wurin takardu ne kawai, ka ci a ba ka, ka faɗi a kore ka. Ban san akwai wanda aikinshi ke nan ba, shi lura wane ya daina cin abinci, ɗalibi ne ko mai gadi. Kunya kuwa ban yar da ita ba, har yau sunan wancan bai fita bakina ba, kuma ina jin haka zan tafi. Abin da na gane shi ne, duk shekarun nan ba shiru muke ba ni da shi, Inna ce ke ɗauke da maganar. Da ta tafi, ya kamata wani shi lura. Allah ya sa anka samu masu lura, Allah shi saka musu.

Yanzu yana aiki Madaoua, ya yi aure, an haifa mishi ɗiya mace. Ranar sallar da ta wuce sunka zo gida. Muna zaune ƙofar masallaci da abokina sai ga shi tafe, ɗiyar bisa wuyanshi, yana kiran sunanta da ƙarfi yana yi mata waƙa, duk gari na kallo. Abokina ya zungure ni ya ce, "Kai, dubi ɗanka. Ƴar fari ce fa! Ba za ka yi mishi magana ba?"

Na ce, "Ni? Ka manta shi ma ɗan fari ne? Ina ni ina yi mishi magana."