Inna da Butelin Dusar Ƙanƙara

"Wannan hoton haɗi ne!" in ji Kawu Garba, ƙanen Inna, da muka dawo Gaya.

Maroko muka je ganin yayana, muka hau dutse mai dusar ƙanƙara. Duk da ciwon gwiwa, Inna ta ƙi zama a ƙasa. Da hannuna na ɗauke ta hoto a ƙololuwa, haƙoranta na kaɗawa.

Har buteli ta cika da dusar don shaida, amma ta narke a hanya.

Kawu ya girgiza butelin yana dariya. "Yaya, ai ruwa ne!"

Inna ta fizge abinta. "Ruwa ne, amma da ƙafata na hau na ɗebo. Kai ko bayan kamiyo sai an ɗaga ka."

Ga hoton nan. Mai sauran gardama ya fito.