Kunyar Suruki a Tsakiyar Tafkin Volta

Sallama ga masu karatu. Ni mutumin Sokodé ne, a zongo, unguwar Hausawa, aka haife ni, kuma lokacin da abin nan ya faru sana'ata zemijan, wato acaba. Ban daɗe da aure ba, ban kuma daɗe da sayen sabon babur ba, don haka ji nake duniya tawa ce. Matata 'yar Dapaong ce. Mahaifinta malami ne da ke karantarwa a zaurensa, dattijo siriri marar yawan magana. Ni kuwa abokan aiki rediyo suke ce mini saboda surutu, amma da na gan shi sai bakina ya mutu. Haka aka rene mu: suruki ba a haɗa ido da shi, ba a zama kusa da shi, ba a yi masa tambaya. In na je gaisuwa, daga bakin zaure nake durƙusawa, in yi ta amsa lafiya lau ina kallon tabarma har ya sallame ni. Mutane suna yabona da ladabi, ni kuma ina jin daɗin yabon.

Wata shekara, ƙarshen damina, ya sauko Sokodé ya ce zai tsallaka Gana. Wani abokin karatunsa ya rasu a Kete Krachi, zai yi ta'aziyya, daga can ya gangara kudu ya ga ƙaninsa da ke kusa da Akosombo. Motocin hanyar ba su da tabbas, ni kuma ina neman abin da zan burge shi, sai na aiki matata ta gaya masa ni zan kai shi a babur. Ku lura fa, aike na yi, alhali mutumin yana zaune a tsakar gidana. Ashe yana da ciwon fuka tun da daɗewa. Matata ta sani, amma a gidansu ba a maganar ciwon Malam, ta kuma zaci shi zai gaya mini a hanya.

Muka bi ta Blitta, muka karkata Pagala, muka hau duwatsu muka shiga Gana. Duk tsawon hanyar nan bai riƙe kafaɗata ba, ƙarfen baya ya kama, kuma ban da gargaɗin rami ba abin da ya haɗa mu. Yana da wata 'yar jakar fata. In za mu tashi sai ya miƙo mini in kulle a akwatin bayan babur, in mun sauka in mayar masa da hannu biyu. Na ɗauka carbi ne da turare a ciki, ban taɓa tambaya ba.

Bayan an gama ta'aziyya, masu masaukinmu suka ce kada in ƙara wahalar da tsoho a kan babur, akwai babban jirgin ruwa da ke kwasar doya ya bi tafkin har Akosombo, yana ɗaukar mutane da ababen hawa. Tafiya ce doguwa, amma mutum yana iya miƙe ƙafa. Da safe muka isa bakin ruwa. Ni duk hankalina yana kan babur, kada a goge masa fenti. Na tura shi can ƙasan jirgi, na jingina shi da bango, na lulluɓe da tampol, na ɗaure da igiya tamau kamar wanda zai gudu. Sai injin loda kaya ya dinga jera manyan akwatunan katako cike da doya a gabansa har ya ɓace gaba ɗaya. Wallahi murna na yi, na ce yanzu ba mai taɓa mini shi. Jakar Malam na ciki, ban tuna ba, shi kuma da ya ga an riga an rufe, bai so ya sa surukinsa wahala ba, ya yi shiru.

Na shimfiɗa masa tabarma a sama inda akwai inuwa, na ajiye masa ruwa, na koma can ɗaya gefen inda zan iya hango shi. Na sami samari 'yan'uwana masu surutu muka buɗe hira. Tafkin nan faɗi gare shi, wani wurin ba ka ganin gaɓa, sai busassun itatuwa da suka leƙo daga cikin ruwa. Rana ta yi zafi, hayaƙin inji yana dawowa cikin jirgi, ga ƙurar doya, ga mata sun hura gawayi suna dafa abinci. Lokaci-lokaci nakan waiga wajensa, in na ga fuskarsa tana kallon inda nake sai in sunkuyar da kai, in ci gaba da hira.

Bayan la'asar wata mata mai jiki, magajiyar masu doya, ta zo ta tsaya a kaina ta tambaya ko ni ne ɗan Togo mai tsohon can. Na ce ni ne. Ta ce to wane irin ɗa ne ni, ubana yana can yana neman numfashi ina nan ina ba da labarin babur. Ban san lokacin da na tsallake mutane na isa gare shi ba. Ya duƙa, hannuwansa a kan gwiwa, ƙirjinsa yana fito, leɓɓansa sun canza launi, rawaninsa ya faɗi gefe. Ranar na fara taɓa jikinsa. Da ƙyar ya iya fitar da kalmomi ɗai-ɗai, har na gane cewa ɗan famfon maganin fukar da yake fesawa a baki yana cikin jaka, jakar kuma tana cikin babur.

Na sauka a guje na roƙi ma'aikatan jirgi. Suka ce akwatunan nan ba hannu ke ɗaga su ba, injin kuma ba shi da wurin juyawa a tsakiyar ruwa, tashar jirgi ta gaba kuwa da sauran nisa. Ba mugunta suka yi ba, gaskiya suka faɗa. Hanya ɗaya ce: a kwashe doyar akwatin da ke gaban babur, a cire katakon, mutum ya kutsa. Amma sabuwar doya in ta ƙuje ruɓewa take yi kafin ta kai kasuwa, shi ya sa ba mai taɓa kayan wani a jirgin nan. Magajiya ba ta tsaya jin ta bakina ba, ta ƙwala wa matan kira. Matar da ke da akwatin doyar ta fara faɗa, ta ce duk abin da ta mallaka ke nan, wa zai ɗauki asarar. Magajiya ta ja hannunta ta kai ta ta ga tsohon. Matar nan ta dawo, ta ɗaure zaninta, ita ta fara ciro doyar farko.

Suka yi layi, hannu zuwa hannu, samarin da muke hira da su suka shiga. Da aka sami hanya na kutsa a rarrafe, sai ga igiyar da ni na ɗaure da kaina ta ƙi kwantuwa. Ina ja ina kuka, har wani ya miƙo mini wuƙa na yanke. Na buɗe akwatin babur, na fito da jakar na hau sama. Aka matsar da shi inda iska ke kaɗawa, ya fesa maganin, magajiya tana yi masa fifita da murfin kwano. A hankali fiton ƙirjin ya lafa, launin leɓɓansa ya dawo. Na zauna daf da shi, ban sake matsawa ba.

Da ya sami ƙarfin magana, ba ni ya gaya wa ba, magajiya ya gaya wa ina ji. Ya ce tun bayan azahar ya ji ƙirjinsa yana ɗaurewa. Ya ɗaga hannu ya yafito ni ba sau ɗaya ba, amma duk lokacin da idona ya faɗa kansa sai in sunkuya. Murya ba ta fita, kuma ya ji nauyin ya aiki baƙo ya kira masa mijin 'yarsa. Magajiya ta tafa hannu ta ce tabɗi, ita dai tun da take ba ta taɓa ganin ladabin da ya kusa kai mutum kabari ba sai yau, ta ce mu biyun duka bulala ta dace da mu. Malam ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya sa aka kira mai doyar ya nemi gafararta, don wasu sun ƙuje. Ta ce ya bar maganar, ya dai sa 'ya'yanta a addu'a.

Mun isa Akosombo lafiya, ya ga ƙaninsa, mun dawo gida. Amma abin bai bar zuciyata ba har yau. Ban ce a zubar da kunya ba, ado ce, kuma ina so 'ya'yana su tashi da ita. Sai dai na gane cewa rabin tawa kunyar neman yabo ce, ba kula da mutumin ba. Duk wanda zai yi tafiya da dattijo, suruki ne ko uba, ya daure ya tambaye shi ko yana da ciwo, ko yana shan magani, kuma maganin ya zauna a aljihu, kada ya bi kaya. In an shiga jirgi, ababen hawa ba a sake ganinsu sai an sauka. Ku zauna kusa da tsofaffinku, ku dubi fuskarsu. Da Allah ya karɓi ran Malam a ranar, da haka zan koma Sokodé in gaya wa matata cewa mahaifinta ya yi ta kirana da hannu, ni kuwa ina kallon ƙasa.