Mai Gyaran Agogo Ya Fara Ɗaga Ƙarfe

Tun da ta aure shi, abu mafi nauyi da ta taɓa ganin mijinta ya ɗauka shi ne agogon bango. Mai gyaran agogo ne, yana da ɗan shago a ƙarƙashin wani bene: tebur, fitila, sai gilashin da yake maƙalawa a ido. Zaman shekara da shekaru ya tanƙwara masa baya, har likita ya ce ƙwayoyi sun yi iya yinsu, ya je ya riƙa ɗaga ƙarfe. Ita ce ma ta matsa masa ya je, abin da ta dawo tana cizon yatsa a kai.

Ranar farko sandar ƙarfen kaɗai, ba a sa mata komai ba, ta sa gwiwarsa rawa. Amma kafin a ce me, an fara jera masa fayafan ƙarfe a jikin sandar, kusan duk zuwa sai an ƙara. Shi ke nan gida ya ƙi zaunuwa. Ya sungumi tukunyar gas ya kai kicin, ya sake dawowa da ita tsakar gida don matar ba ta kalla da kyau ba. Ya janye firji wai zai share bayansa, ya tsinke wayar wutar bai sani ba, nama ya lalace. Jikoki suka zo gaishe su, ya ɗaga su bibbiyu, ƙaramar ta gwara kai da ƙofa.

"Malam, don girman Allah sauke yarinyar nan!" in ji matar.

Ya sauke ta, ya miƙo damtse. "Taɓa nan ki ji."

Ta taɓa. Hannun nan dai ne da ta sani, siriri kamar kullum.

Babban ɗansu, mai aikin jinya, ya yi ƙoƙarin fahimtar da shi. "Baba, ba tsoka ba ce tukuna. Jijiyoyinka ne suka koyi aikin. Duk sabon shiga haka yake, nan gaba abin zai lafa."

"Kai da ko buhu ba ka iya ɗagawa za ka gaya mini?"

Abin kuwa ya lafa. Nauyin ya tsaya cak, ya ƙi gaba. Ta ɗauka za ta huta, ashe yanzu aka fara. Ya zargi mai horar da su a wurin ɗaga ƙarfen da hassada. Ya zargi katifa. Daga ƙarshe ya juyo kan girkinta, wai ba ya riƙe jiki, girkin da yake ci yana siɗe yatsu tun yana da gashi. Wata safiya ya kwanta a falo ya ce ya daina, an cuce shi.

Ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu. "Nama ya ruɓe, yarinya ta yi ƙulu a goshi, ni na sha surutu har kunnena ya toshe, sannan ka ce ka daina? Wallahi tashi za ka yi."

Ya tafi yana gunaguni. Har yau yana zuwa, bayansa ya miƙe, abokan sana'a na ce masa ya koma saurayi. An daɗe kafin a ƙara masa wani ɗan faifai, ƙanƙane kamar murfin kwano. Nan take ya kira ta a waya yana haki, ita kuwa hannunta duk kumfar wanki.

"To, sannu da ƙoƙari," ta ce. "In za ka dawo ka taho da ashana."