Makarin Ruwan Gonar Baba

Sana'ata sayar da manja. Ina ɗauko shi daga Kudu cikin jarkoki, in kai kasuwar Wurno da ta Goronyo. Duk wanda ya yi ciniki da ni sau ɗaya ya san bakina ya fi ƙafata sauri, kuma bakin nan ne ya kusa cinye shinkafar mahaifina.

Baba magini ne tun tasowarsa, sai da gwiwa ta hana shi hawa katanga sannan ya koma noman rani. Ruwan da ake sakowa daga dam yana biyo wata magudanar siminti, kowane manomi da ranarsa. Tamu Alhamis ce. In ranarka ta zo sai ka zura makari cikin tsagin magudanar, ruwa ya taru ya juya gonarka. In babu makari, kana tsaye zai wuce ka ya tafi abinsa.

Makarinmu na ƙarfe an yi awon gaba da shi. Aka koma katako, katakon yanzu kuwa sai a hankali. Na uku ne ya karye a wata Alhamis, ruwa ya wuce, gona ta kwana da ƙishi. Shinkafa ta riga ta ɗauki ciki. Kowa ya san in ta sake rasa ruwa sati mai zuwa, ƙaiƙayi za mu girbe.

Baba ya ce zai koma wurin kafinta. Na ce, "Haba Baba, katako kuma? Ka bar mini wannan." Na faɗa da ƙarfi a gaban maƙwabtan gona, babu halin janyewa.

Abin da na dogara da shi bai taka kara ya karya ba. A can Kudu, bayan wata matatsar manja, na taɓa leƙa wata rumfa inda ake haɗa zaren kwakwar manja da narkakkiyar roba ana fitar da alluna. Zaren shi ne abin da ke saura in an tatse man, ja-ja kamar soso, tsibi-tsibi ana neman mai kwasa. Daga bakin ƙofa kawai na kalla. Amma zaren ina da shi buhu-buhu, don shi nake cusawa tsakanin jarkoki kada su goge juna a mota. Fasassun jarkoki kuwa sun cika mana bayan gida.

Da na yi wa Baba bayani, ya ɗebi zaren ya murza, sai fuskarsa ta saki. Ya ce, "Wanga ai ramno na." Ramno shi ne ciyawar da magina ke cuɗawa da laka don kada gini ya tsage. Nan take ya karɓe aikin daga hannuna. "Ramno ba a sa shi busasshe. A jiƙa shi, shi kwana ukku, sannan shi kama." Shekara arba'in yana wannan aiki, ni wane ne da zan ce a'a? Muka zuba zaren a ganga muka cika da ruwa.

Ranar Litinin da hantsi na sassare jarkoki, na zuba a rabin duro, na hura wuta. Roba ta narke ta yi kauri kamar tuwo, ga wani wari da ya kori kaji daga tsakar gida. Baba ya tsamo zaren yana ɗiga ya watsa ciki. Innalillahi! Sai tartsatsi da tururi, duro yana ta ɓaɓatu, muka ja da baya. Duk da haka na tuƙa, na juye a wani tiren ƙarfe, na danne. Da ya huce muka ciro allo duk ramuka. Baba ya ɗora gwiwa ya ɗan danna, ya rabe biyu.

Raina ya ɓaci, na manta da wanda nake magana. Na ce, "Roba ba laka ba ce, Baba! Kwana uku muka zubar a banza!" Ya karkaɗe rigarsa ya shige zaure. Wallahi har yau in na tuna wannan magana kunya nake ji.

Inna, mahaifiyata, tana bakin murhu tana kallonmu tun farko. Ta ce, "Kai da ka sai da mai, mi ka faruwa in an jefa jiƙaƙƙen kihi cikin mai mai zahi? Daga kai har uban naka babu wanda ya taɓa suya." Ta shafa zaren ta shinshina hannunta, ta ce har yanzu da maiƙo a jikinsa, kuma ba ta san abin da ke manne wa maiƙo ba. Ta sa na wanke shi da ruwan toka, na ɗauraye, na baza a kan rufin kwano. Ranar Talata da la'asar ta ɗora babban kasko, ta riƙa juya zaren a wuta kaɗan-kaɗan kamar mai suyar gyaɗa, har ya bushe ƙayau.

Laraba da safe ina hura wuta sai ga Baba da addarsa. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce in tashi, rana na yi. Ya zauna ya daddatse zaren daidai tsawon yatsa. Da zan juye duka a duro ya riƙe mini hannu. "Ba haka ba. Shimfiɗa ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi arewa, kamar azara bisa soro." Haka muka yi: in shafa roba a tire, ya jera zare, in sake shafawa, ya jera a gicciye. Muka rufe da faifan ƙarfe, muka matse da jak ɗin motar da ke ɗauko mini kaya, ni ina bugawa yana cewa ƙara. Da yamma muka ciro allo mai nauyi, ruwan ɗorawa da jan zane a ciki. Baba ya hau kansa da ƙafa biyu, bai ko lanƙwasa ba.

Amma nauyin tsoho daban, ƙarfin ruwa daban. Ranar Alhamis muka isa gona, maƙwabta sun riga mu, sun zo ganin yadda mai manja zai ji kunya. Allon ya ɗan fi tsagin faɗi, na kankare gefensa da wuƙa, na buga shi ya zauna. Ruwa ya iso da kumfa da karmami ya daki makarin. Ya taru, ya hau, ya hau, har ya kusa baki. Sai na ga ya karkata ya shiga gonarmu.

Na yi ihu, na cire hula na jefa sama, ta faɗa ruwa, ban ko bi ta kanta ba. Na juya ga masu kallo na ce, "To ina masu dariya? A yi mana!" Baba kuwa ya tattare wandonsa ya bi ruwan fangali bayan fangali da gwiwar nan tasa, bai tsaya ba sai da ya ga ya taɓa kusurwar ƙarshe. Har azahar makarin bai motsa ba.

Da Baba ya dawo, maƙwabcinmu mai ranar Juma'a, wanda ya fi kowa zolayata, ya matso yana sosa ƙeya. Ya ce, "Sarkin magina, ko za ka yi mani irin wanga?"

Baba ya nuna ni da haɓa. Ya ce, "Tambayi mai aikin. Ni lebura nai na."

Na sunkuya kamar ina wanke hannu a magudana, don kada mutane su ga idona.