Gilashin Ɓangaren Tela

Duk unguwar ba wanda ya san shi da wani suna sai Sannu-Sannu. Tun yana da baƙin gashi yake raba wa masu shaguna ƙwai, kuma duk wanda ya yi shekara da shekaru yana tuƙi da kiret-kiret na ƙwai a bayansa, ƙafarsa takan manta inda totur yake. Masu keke sukan wuce shi, su waiwayo su yi masa barka da hanya. Wata rana ya tsaya zai rage wa wata tsohuwa hanya, ta ce ya bar shi kawai, sauri take yi. Shi da bakinsa yake ba da wannan labari, yana dariya har da hawaye.

Motar kuwa ta girmi duk 'ya'yansa. Fentinta ya koɗe har ba a iya rantsuwa a kan asalin launinta, ƙofar baya sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa, gilasanta da hannu ake murɗa su. Amma kujerar gaba, wadda ke gefen direba, ko ƙura ba a bari ta kwana a kanta, domin ta matarsa ce.

Matar tasa ɗinki take yi a wani ɗan shago a bakin kasuwa. Shi Tela yake kiranta, ita kuma ta ce masa Malam. Kullum da safe shi yake kai ta, da yamma ya ɗauko ta. Gidansu gidan hayaniya ne, ga jikoki, ga rediyo, ga masu zuwa gwajin kaya, mutum ba ya samun ya ƙarasa magana biyu a jere. Saboda haka duk wata magana tasu ta duniya a motar nan aka yi ta. A nan suka yanke makarantar da kowane yaro zai shiga, a nan suke faɗa tun daga ƙofar gida su shirya kafin shataletale. Mutane sun ɗauka ƙwai kaɗai ke hana shi gudu. Ba su lura ba cewa ko ranar da bayan motar yake wayam, haka yake tafiya.

Wata safiya suna bayan wata tifa, Tela ta gyara zama ta ce, “Malam, ka san abin da na tuna jiya kuwa?” Kafin ya ce mene ne, tayar tifar ta cillo dutse. Tas! Gilashin ɓangarenta ya zube a cinyarta kamar gishiri. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma maganar ta tafi tare da gilashin.

Ya samo leda mai kauri ya manne wurin da salatif. Ledar nan ba ta da mutunci ko kaɗan. Da mota ta motsa sai ta kama faɗa-faɗa-faɗa kamar tana zagin wani, ga iska tana zurarowa ta gefe daidai wuyan Tela. Hirarsu ta koma “Me kika ce?” da “Ba komai.” Ba a jima ba tari ya kama ta, irin mai kwana a ƙirji, likita ya ce ta guji iska.

A nan Auta ta shigo maganar. Ita ce ƙaramar 'yarsu, tana aiki a wani kantin magani, kuma tana da mota sabuwa wadda gilasanta ke hawa da danna maɓalli.

“Baba, daga gobe ni zan riƙa kai Mama shago,” in ji ta. “Hanyata ce ai.”

“Ba hanyarki ba ce.”

“To, na mayar da ita hanyata. Kuma motar nan taka, don Allah ka bar ta ta huta. Ko masu sayen gwangwani sai sun yi shawara kafin su ɗauke ta.”

Ya haƙura, don yarinyar gaskiya ta faɗa, kuma son uwarta ne ya sa ta faɗa. Washegari ya tsaya a ƙofar gida yana kallo aka tafi da Tela. Ya shiga motarsa shi kaɗai, ledar tana ta surutunta. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, fiye da yadda dattijo zai yarda ya faɗa.

Ya shiga neman gilashi. Ba shagon kayan mota da bai leƙa ba, ba filin da ake yanka tsofaffin motoci da bai taka ba. Wasu suka ce an daina yin irinsa tun kafin a haife su, wani kuma ya tambaye shi ko motar da gawayi take tafiya. Daga ƙarshe aka kwatanta masa wani mai gilashi a bayan tashar mota.

Shagon siriri ne, gilasai jingine da bango ta ko'ina, ƙasan yana ƙuras-ƙuras ƙarƙashin takalmi. Mai Gilashi ƙato ne mai filasta a yatsu kusan duka. Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa gilashin ɓangaren direba da farce.

“Dattijo, naka shafaffe ne kamar faranti, ba lanƙwasa irin na motocin yanzu. In kana so in yanka maka na tagar ɗaki yanzun nan, ka tafi.”

“In ya fashe fa?”

“Wuƙaƙe zai zama.”

“A gefen matata? A'a.”

“To, na ƙwarai sai an aika an gasa shi a kamfani. Ba zan yi maka ƙarya ba, wata da watanni ne.”

Wata da watanni! Kafin nan Tela ta saba da motar Auta, an wuce wurin. Sannu-Sannu ya jingina da ƙofarsa yana kallon gilashinsa da ya rage lafiya lau, har da ɗan hoton kaza da Auta ta liƙa masa daga ciki tun tana firamare. Sai teburin Tela ya faɗo masa a rai. Sau nawa ya zauna a shagonta yana jiran ta tashi, yana kallon yadda take yanka hannun riga? Takarda ɗaya take ɗorawa ta zana na dama da alli, ta kifa ta, ta zana na hagu.

“Ɗana,” ya ce, “tunda shafaffe ne, in aka cire nawa aka kai can, ba zai shiga ba?”

Mai Gilashi ya sosa ƙeya, ya dubi wannan ƙofa, ya dubi waccan, sai ya fashe da dariya. “Zai shiga mana! Cikinsa ne kawai zai koma waje. Amma kai fa? Damina na tafe.”

“Ni ba na tari.”

Mai Gilashi ya ciro 'yar wayar da ke riƙe da hannun murɗawa, ya ɓamɓare marfin cikin ƙofar a hankali don kada tsohuwar robar ta karye. Ya zura hannu har kafaɗa ya kwance noti, ya karkata gilashin ya zaro shi ta sama. Sannu-Sannu ya matso kusa, domin in wannan ya fashe, shi ke nan. Shi ya karɓe shi da kansa, kuma wanda ya yi rayuwarsa cikin ƙwai ba a koya masa riƙon abu.

Kafin a kai shi can, Mai Gilashi ya kwantar da shi a kan kwali ya zagaye shi da biro. “Wannan zan aika kamfani,” in ji shi. “Naka zai zo, in Allah ya so.” Sannan ya share ɓaraguzan da suka taru a gindin ƙofar Tela, ya sauya ƙarfen da gilashi ke zama a kai, ya shafa giris, ya zura shi. Ya murɗa hannun. Gilashin ya hau sumul har ya shige cikin robarsa.

Da yamma Sannu-Sannu ya riga Auta isa bakin kasuwa. Tela ta fito da jakarta, ta tsaya tana kallon ƙofar.

“Ka samu?”

“An samu.”

Ta shiga, ta murɗa shi ƙasa, ta murɗa shi sama. Sai idonta ya sauka kan 'yar kazar. Ta kai yatsa za ta shafa ta, yatsan ya zame a kan gilashi, don kazar tana waje. Ta juyo ta dubi ɓangarensa, inda gwiwar hannunsa ke leƙe a fili, ba gilashi ba leda. Shi kuma ya ƙura wa titi ido kamar yau ya fara koyon tuƙi.

“Tsaya,” ta ce. Ta koma shagon, ya jiyo keken ɗinki yana ruri. Ta dawo da wani abu na yadin rigar ruwa, ta jefa masa a cinya. Hannun riga ne, guda ɗaya tak, da igiyar ratayawa a wuya.

“Tun da nake ban taɓa yanka hannu ɗaya ba sai a kanka,” in ji ta. “Sa mu gani.”

Ya zura, ya yi masa daidai. Wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka ta ce, “Auta, wuce gida abinki, Babanki ya zo. Gobe ma shi ne.”

Ya tayar da mota. A irin tafiyarsa iska ba ta da wani ƙarfin yin ƙara, motar ta yi tsit har yana jin numfashinta. Wani mai keke ya wuce su ya ɗaga hannu. Tela ta gyara zama, ta ɗora jakarta a cinya.

“Malam, ka san abin da na tuna rannan kuwa?”

Sannu-Sannu ya ƙara ɗaga ƙafa daga kan totur. “Ina jin ki,” ya ce.